Wa zai yi wa sojojinmu waƙa?

Jama'ar Madarumfa, tun kaka da kakanni, jarumi ba ya mutuwa shiru a ƙasar nan. Zamanin Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, sarakunan Katsinan Maraɗi, makaɗan yaƙi ne ke riƙe da sunan wanda ya faɗi a fagen daga. Shi ya sa har yau muke jin sunan Ƙaura Hasau. A yaƙin basasar Najeriya, 1967 zuwa 1970, Aƙilu Aliyu ya yi wa soja "Jiki Magayi".

To mu fa? Ran 10 ga Disamba 2019, sojojinmu 71 suka kwanta dama a Inates. Ran 9 ga Janairu 2020, wasu 89 a Shinagodar. An yi makokin kwana uku, an sassauto tuta, sai muka koma harkokinmu. Adadi muka riƙe, sunaye sun ɓace mana.

Ga yaranmu can suna gadin iyaka wajen Gabi da Ɗan Isa. Mawaƙanmu, ku je wajen uwaye da zawarawa, ku tambayo sunaye, ku sa a waƙa. Mu kuma, wallahi, za mu sa ta a rediyo. Allah ya jiƙansu.