Daga littafi zuwa gem: a ina fim ɗin Hausa yake samo labari?

 Ga rubutun shirinmu na wannan makon daga nan Sandamu, saboda waɗanda datarsu ba za ta iya ɗaukar murya ba.

Mutane da dama sun nemi in yi sharhi a kan sababbin finafinan da suka fito a watan Afrilun 2025. A Amurka wannan lokaci ne na fitar tsiro da sassaucin sanyi, mu kuwa bazara ce, ana neman inuwa. Manyan abubuwa biyu da ake ta magana a kansu su ne A Minecraft Movie da zango na biyu na The Last of Us a tashar HBO. Duka biyun daga wasan gem aka ciro su. A 2024 ma a irin wannan wata Amazon ta saki Fallout, a 2023 kuma fim ɗin Super Mario ya tara sama da dala biliyan 1.3. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da ya shekara goma yana buga gem ya riga ya san jarumin, ya san duniyar, ba ya buƙatar talla. Kamfani ba labari kaɗai ya saya ba, har da 'yan kallonsa.

To, wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu, kuma tarihinta nake so mu bi yau.

A 1933 Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a Hukumar Fassara ta Zariya. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shi Shaihu Umar sai da ya yi tafiya uku: littafi, sannan wasan daɓe da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara, sannan fim a 1976 a hannun Adamu Halilu. Ku lura, wanda ya je kallonsa ya riga ya karanta shi a makaranta. Lissafin da masu Minecraft suka yi kenan, sai dai namu ya girme shi da kusan shekara hamsin.

Da bidiyo ya shigo, ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990. A shekarun da suka biyo baya marubutan adabin kasuwar Kano ne suka ciyar da harkar. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mai da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim a 1994. Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu ya zama fim a 1998. Matan aure da 'yan mata sun riga sun karance littattafan, suna aron juna ta kan katanga, don haka kaset na fitowa kasuwa a shirye take. A ganina wannan ne zamanin da fim ɗinmu ya fi kama da gidajenmu, domin kishi da auren dole da sakin wulaƙanci duk daga tsakar gida marubutan suka kwaso su.

Sai aka juya. Tun shekarun 1960 ake haska finafinan Indiya a sinimomin Arewa, iyayenmu sun haddace waƙoƙinsu ba tare da sun san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Bayan Sangaya ya fito a 1999, waƙarsa ta karaɗe ko'ina, 'yan kasuwa suka gane cewa waƙa ce ke sayar da kaset. Daga nan aka shiga ɗauko fim ɗin Indiya sukutum a sa masa hula da zane, abin da 'yan masana'antar da kansu suke kira wankiya. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan wannan. Ni ba na cikin masu zagin aro, ai kowa yana aro. Bambancin shi ne wanda ya ɗauki littafin Balaraba ya san mai shi, ya je ya same ta, wanda ya wanke na Indiya kuwa ko sunan marubucin bai sani ba. Ƙarshe da fassarar Indiya-Hausa ta zo, irin ta Algaita, sai mai kallo ya ce to me zai sa in sayi kwafi ga na asali yana magana da Hausa? Kasuwar ta girgiza sosai, sai da finafinai masu dogon zango suka farfaɗo da ita: Daɗin Kowa da Kwana Casa'in a Arewa24, Labarina na Aminu Saira, Izzar So a YouTube.

Yanzu mu dawo gida. A 2024 an fitar da Mai Martaba na Prince Daniel, da Adam A. Zango a cikin jaruman, kuma a Daura aka ɗauke shi. Shi Najeriya ta miƙa wa gasar Oscar a rukunin finafinan ƙasashen waje. Bai shiga jerin 15 da aka tace ba, amma ku tuna an kori Lionheart a 2019 saboda Turanci ya yi masa yawa, wanda aka miƙa bayansa kuma, The Milkmaid, da Hausa aka yi shi. Wato idan ƙasar nan za ta nuna wa duniya fuskarta, harshenmu take arowa. Mai Martaba ya yi kyau a ido, dawakai da rawuna da ginin ƙasa duk sun fito. Abin da ya tsaya min a rai ɗaya ne: labarin na wata ƙirƙirarriyar masarauta ce, Jallaba, inda ake rikicin gadon sarauta. An ɗauki gininmu da turɓayarmu, an ɗora musu labarin wani gari da babu shi.

Ba laifin mai fim ba ne, haƙƙinsa ne ya ƙirƙira. Amma ku duba abin da ke ajiye a masarautar nan. Kowa ya san Bayajidda da rijiyar Kusugu da macijin da ba ya bari a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, da Daurama da Bawo da Hausa Bakwai. Babu Bahaushen da ya yi firamare, daga Kano har Maraɗi, da bai ji wannan ba. In 'yan kallo na shirye ake nema, ga su nan miliyoyi. Mai haɗa gem ma zai samu komai: baƙo a kan doki, maƙeran Gaya da suka ƙera masa makami, dare, rijiya, maciji.

Ni wanda ya fi jan hankalina ma ba shi ba ne. A wajen 1805 mayaƙan jihadi suka ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita, Malam Isiyaku ya karɓi gari. Zuriyar tsohon gidan ta watsu, aka samu masu riƙe da sarautar a Zango da Ɓaure, har sai 1906 da Turawa suka dawo da Malam Musa kan karaga. Shekara ɗari ana gudun hijira, ana jayayya tsakanin 'yan uwa, a ƙarshe kuma ga Ingila da Faransa suna ja wa ƙasar layi. Zango da Ɓaure maƙwabtanmu ne, tafiyar mashin ce. Wannan ya ishi zango biyar na fim ba tare da an ƙara masa gishiri ba. Tsofaffin da suka ji shi daga bakin kakanninsu suna raguwa kullum, mu kuma da muka gama jami'a muna zaune da wayoyi masu ɗaukar murya a aljihu.

Shi ya sa a shiri na gaba ba ni zan yi magana ba. Zan je in zauna da wani dattijo da ya riƙe labarin zaman Zango, ku ji daga bakinsa. Wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida mai irin wannan sani, ya bar mana saƙo a ƙasan wannan rubutu, mu zo har gida. Sai mun haɗu, a huta lafiya.