Kwana Takwas, Tambaya 211: Yadda Fiziks Na Lissafi Ya Zama Karatun Digiri

A watan Janairun 1854, ɗaliban lissafi na Jami'ar Kambirij da ke Ingila suka zauna jarrabawar kammala digirinsu na farko. Takarda 16 ce, cikin kwana takwas, awa 44 da rabi, tambaya 211. Da sakamako ya fito, wani saurayi mai suna Edward Routh ne ya zo na ɗaya. Na biyu kuwa ɗan Sukotlan ne mai shekara 22, James Clerk Maxwell. A 1865 wannan na biyun ya fitar da lissafin da ya nuna cewa lantarki da maganaɗisu da haske duk tushensu ɗaya. A kan lissafin nasa aka gina rediyo da talabijin da wayar da ke hannunka yanzu, ya mai karatu.

Abin da waɗannan samari suka karanta shi ne ake kira fiziks na lissafi a yau, wato a ɗauki abin da ke faruwa a zahiri, kamar faɗowar dutse ko tafiyar wata ko gudanar zafi cikin ƙarfe, a rubuta shi da alamomin lissafi, sannan a bi alamomin har su faɗi abin da zai faru kafin ya faru. A zamanin Isaac Newton, wanda littafinsa Principia ya fito a 1687, masu iya wannan aiki a duk Turai ba su da yawa. To, ta yaya ya zama karatun da ɗan shekara ashirin zai yi cikin shekara uku da 'yan watanni? A Ingila dai, jarrabawa ce ta yi wannan aikin. Ita ta bayar, ita kuma ta hana.

Sunan jarrabawar Tripos, daga kujera mai ƙafa uku da mai yi wa ɗalibai tambaya yake zama a kai a zamanin da. A lokacin da baki ake yi, cikin harshen Latin, ɗalibi ya tsaya ya kare maganarsa a gaban jama'a. Shi ya sa ake kiran waɗanda suka fita da daraja ta ɗaya Wranglers, ma'ana masu gardama. Tun tsakiyar ƙarni na 18 aka fara jera sunayen ɗalibai bisa ƙoƙarinsu, sannu a hankali kuma alƙalami da takarda suka maye gurbin baki. Wannan canji ba ƙarami ba ne. Da baki ba za a iya bin dogon lissafi ba, amma a kan takarda ana iya ba mutum matsalar da bai taɓa gani ba, a ba shi awa uku, a kuma ba kowane mataki maki. Na ɗaya shi ne Senior Wrangler, zakaran shekara, jaridun ƙasar har labarinsa suke bugawa. Wanda ya zo na ƙarshe a cikin waɗanda suka ci kuwa, abokansa su miƙa masa ƙaton cokalin katako, ana dariya.

Jami'ar ba masana kimiyya take neman samarwa ba. Manyanta, irin su William Whewell, sun ɗauki lissafi a matsayin abin wasa ƙwaƙwalwa ga wanda zai zama limamin coci ko lauya ko alƙali. Har zuwa 1850, duk mai son ya zauna jarrabawar daraja a adabin Girka da Latin sai ya fara cin ta lissafi. Ke nan duk wani haziƙin yaro da ya shiga Kambirij, ko yana so ko ba ya so, sai ya bi ta kan Newton.

Sai dai a farkon ƙarni na 19 Ingila tana baya. Dalilin tsohuwar rigima ce tsakanin Newton da Bajamushe Leibniz kan wanda ya fara gano kalkulas, wato lissafin yadda abu ke canzawa. Don kishin nasu, Ingilawa suka riƙe alamomin Newton na ɗigo a kan harafi da hanyarsa ta zane-zane. Sauran Turai suka ɗauki alamomin Leibniz masu harafin d, waɗanda suka fi sauƙin sarrafawa. Da su Lagrange da Laplace na Faransa suka rubuta manyan littattafansu kan motsi da tafiyar taurari, har ya kasance ɗan Kambirij da ya fita da daraja ta ɗaya kan kasa karanta su. Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar kwamfuta ya san irin wannan: harshe biyu za su iya yin aiki ɗaya, amma abin da ɗaya zai yi a layi biyar, ɗayan sai ya ci shafi guda, kuma kurakurai a cikin shafin nan suke ɓuya.

A 1812 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiya don kawo gyara. Cikinsu akwai John Herschel da George Peacock da Charles Babbage, wanda daga baya ya tsara injin da ake ɗauka kakan kwamfuta. A 1816 suka fassara littafin kalkulas na Lacroix daga Faransanci. Amma abin da ya juya al'amarin shi ne 1817, lokacin da Peacock ya samu shiga cikin masu shirya tambayoyi, ya rubuta nasa da alamomin Leibniz. Abin da nasiha ta kasa, jarrabawa ta yi shi cikin 'yan shekaru, domin babu ɗalibin da zai ƙi koyon harshen da za a tambaye shi da shi.

Da gasar ta yi zafi, sai malaman lesin suka karɓe ainihin koyarwar. Laccar jami'a ta zama ta cika sharaɗi, karatun gaske ya koma ɗakin malamin da ɗalibi ke biya daga aljihunsa. Wanda ya fara shahara shi ne William Hopkins. Ta hannunsa George Stokes da William Thomson da Maxwell da Routh suka bi. Shi Routh ɗin da ya kayar da Maxwell ya gaji sana'ar, kuma tsakanin 1855 da 1888 ya koyar da ɗalibai sama da 600, fiye da 25 daga cikinsu suka zama zakarun shekara. Tsarinsa sananne ne: 'yan ɗalibai kaɗan a gaban allo, aikin gida kowane mako, gwaji da agogo a gefe, sannan a kafe makin kowa inda kowa zai gani. Da rana su fita tuƙin kwale-kwale ko doguwar tafiya a ƙasa don jiki ya ɗauki nauyin. Duk da haka wasu ba su kai ba. Francis Galton, wanda ya shahara daga baya a ƙididdiga, ya kwanta ciwo saboda wahalar karatun, ya haƙura da digiri marar daraja. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma a nan har da waɗanda suka ci gudun ba su ga zomon ba.

Abin da horon ya haifar yana da ban mamaki. John Couch Adams, zakaran 1843, ya lura da karkacewar tafiyar duniyar Uranus, ya lissafa inda wata duniyar da ba a sani ba take. Bafaranshe Le Verrier ya yi irin lissafin shi kaɗai, kuma da nasa aka hango Neptune daga Balin a 1846. William Thomson, na biyu a 1845, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, ya ɗauki lissafin Fourier kan gudanar zafi ya bayyana dalilin da saƙon tangarahu ke jinkiri cikin doguwar waya a ƙarƙashin teku. Yana cikin waɗanda suka kai ga nasarar wayar da ta haɗa Turai da Amurka a 1866, kakar wayoyin da ke ɗauke da intanet a yau.

Wani lokaci ma jarrabawar kanta ce wurin fitar da sabon ilimi. Bayan Tripos akwai wata gasar ta 'yan gaba-gaba, Kyautar Smith. A takardar 1854, Stokes ya saka wata ƙa'ida da Thomson ya aiko masa a wasiƙa a 1850, ya ce ɗalibai su tabbatar da ita. Maxwell yana cikin waɗanda suka zauna, shi da Routh suka raba kyautar. Wannan ƙa'ida, da ake kira da sunan Stokes har yau, ta zama ɗaya daga cikin kayan aikin Maxwell. Michael Faraday, wanda ya tashi yaron shagon ɗinkin littattafai kuma bai yi zurfi a lissafi ba, ya riga ya gano da gwaji yadda maganaɗisu ke haifar da lantarki. Maxwell ya mayar da hotunan da ke kan Faraday zuwa lissafi, lissafin kuma ya ce lalle akwai taguwar lantarki da ke tafiya da saurin haske. Heinrich Hertz ya kama ta a ɗakin gwajinsa a Jamus a 1887 zuwa 1888, bayan rasuwar Maxwell a 1879.

Sai kuma abin da jarrabawar ta hana. Na farko, sauri take aunawa. Wanda ya kayar da Thomson a 1845, Stephen Parkinson, ya yi suna ne da saurin rubuta abin da ya haddace. Da aka zo Kyautar Smith, inda tunani ya fi sauri muhimmanci, Thomson ya wuce shi. J. J. Thomson, wanda ya gano ƙwayar ilektaron a 1897, shi ma na biyu ya zo a 1880.

Na biyu, abin da ba a tambaya ba a karantawa. A ƙarshen shekarun 1840 aka cire zafi da lantarki da maganaɗisu daga jarrabawar, bisa hujjar cewa iliminsu bai zauna ba tukuna. Ba su dawo sosai ba sai 1873. Ke nan fagen da Maxwell ya yi suna a cikinsa, ba a tambaye shi a kai ba a Tripos. Gwaji da hannu ma babu shi. Isaac Todhunter, zakaran 1848 kuma mashahurin marubucin littattafan makaranta, yana ganin ɗalibi ba ya buƙatar a gwada masa abu matuƙar malaminsa mai mutunci ya gaya masa. Mu kuwa mun san gani ya kori ji. Sai a 1874 aka buɗe ɗakin gwaje-gwaje na Cavendish, da Maxwell a matsayin shugabansa na farko.

Na uku, ƙofar ba ta kowa ba ce. James Joseph Sylvester ya zo na biyu a 1837, amma da yake Bayahude ne kuma ya ƙi rantsuwa da aƙidar cocin Ingila, bai karɓi digirinsa ba sai 1872, bayan an soke sharaɗin addini a 1871. Mata sun samu izinin zama jarrabawar a 1881, amma a jeri daban ake karanta sunayensu, a faɗi tsakanin waɗanne maza makinsu ya faɗa. A 1890 aka karanta sunan Philippa Fawcett ta Kwalejin Newnham, aka ce tana sama da zakaran shekara. Ba a ba ta laƙabin ba, ba a ba ta digirin ba. Kambirij ba ta fara ba mata cikakken digiri ba sai 1948, shekarar da Fawcett ta rasu.

A farkon ƙarni na 20 sukar ta fito daga cikin gida. G. H. Hardy, wanda ya zo na huɗu a 1898, yana cikin waɗanda suka ce jarrabawar ta mayar da lissafi wasan dabara, ta raba Ingila da sabon ilimin da ke tasowa a Jamus da Faransa. A 1909 aka karanta jerin daraja na ƙarshe, aka miƙa cokalin katako na ƙarshe. Kafin nan, a 1905, Albert Einstein, wanda ya yi karatu a Zurik, ya riga ya fitar da sabuwar fahimtarsa kan lokaci da sarari, alhali manyan Kambirij irin su Joseph Larmor, zakaran 1880, suna nan kan tsohon ra'ayin cewa akwai wani abu marar ganuwa da ya cika sarari wanda haske ke bi ta cikinsa. Amma ko a nan horon bai tashi a banza ba. Arthur Eddington, zakaran 1904, yana cikin Ingilawan farko da suka iya bin lissafin Einstein, kuma shi ya je tsibirin Firinsife da ke tekun Gini a 1919 ya auna karkacewar hasken taurari lokacin husufin rana.

Gasar ta tafi, hanyar ta zauna, ta kuma yaɗu. Abdus Salam ya iso Kambirij daga Fanjab a 1946, ya karanta lissafi sannan fiziks, ya samu kyautar Nobel a 1979. Cibiyar da ya kafa a Tiriyeste ta Italiya a 1964 an yi ta ne don masana fiziks na ƙasashe masu tasowa. Daga wajenmu, Iya Abubakar na Adamawa ya bi ta Kwalejin Barewa da Ibadan ya yi digirin digirgir a Kambirij a farkon shekarun 1960, kan yadda taguwar girgiza ke tafiya cikin daskararrun abubuwa, fagen da Lord Rayleigh, zakaran 1865, ya yi fice a cikinsa. Ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978.

Ɗalibin da ya zaɓi wannan karatu a yau, a kowace jami'a, zai tarar da gadon Hopkins da Routh yana jiransa: takardar matsaloli kowane mako, a zauna da biro ana gogewa ana sakewa har ta fita. Babu wanda ya taɓa iya wannan fanni da karanta amsar wani. Zai kuma tarar da gadon agogon. Haka muke gani a sana'armu ta manhaja, inda kamfanoni da yawa ke tantance mai neman aiki da matsalar da za a warware cikin ƙasa da awa guda, mutane kuma su shafe watanni suna haddace irin tambayoyin. Irin wannan gwaji yana gano masu himma, yana kuma iya sa Parkinson a gaban Thomson. Nauyin yana kan mai shirya tambaya, ko malamin sakandare ne ko na jami'a, domin abin da ya saka a takarda shi ɗalibansa za su zama gwanaye a kai, abin da ya bari kuma sai wanda ya nema da kansa, kamar yadda Maxwell ya nemi littattafan Faraday bayan ya ajiye alƙalamin jarrabawa.