Yadda Labarin Indiya Ya Koma Fim Ɗin Hausa

Matashin Ruwan Bore ko Tsafe ko Bungudu da ke shiga Gusau ya biya a tura masa fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa a waya, magajin wata tsohuwar hulɗa ce da ta girmi mahaifinsa. Tushenta yana gidajen sinima na zamanin Turawa. A Kano an buɗe Rex a 1937, Palace kuma ta biyo baya a cikin birni a farkon shekarun 1950, duk da ƙyamar da malamai da dattawa suka nuna, musamman bayan gobarar sinimar El Duniya ta 1951 da ta ci rayuka sama da 300. Kwarori 'yan Lebanon ne ke riƙe da yawancin gidajen, kuma su ne suka fara shigo da fina-finan Bambai suna haɗawa da na kaboyin Amurka. Ba a jima ba na Indiya suka ƙwace kasuwar.

Dalili a fili yake. Bahaushe bai ji yaren ba, amma ya gane rigimar: uba ya zaɓa wa 'yarsa miji ita kuma zuciyarta na wani wuri, ɗan talaka ya hango 'yar mai kuɗi, uwa ta haɗiye baƙin ciki saboda 'ya'yanta kamar a Mother India na 1957. Ga kunya, ga girmama iyaye, ga suturar da ba ta yi nisa da tamu ba. Har laƙabi aka raɗa wa jaruman; Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Da NTA Kano da CTV suka riƙa nuna su a talabijin, matan aure da ba sa zuwa sinima suka shigo sahu, kuma ina ganin a nan ne lamarin ya yi jijiya sosai, domin abin da ya shiga tsakar gida ya shiga tarbiyyar yara. Masu bandiri ma, irin su Ushaƙu Indiya, suka ɗauki karin waƙoƙin suka ɗora yabon Manzo a kai.

Littattafan soyayya na ƙarshen shekarun 1980 su ne suka fara mayar da wannan rigima cikin gidan Bahaushe, kuma In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya tashi daga littafi ya zama fim. Kafin nan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano. Sangaya na 1999 ya nuna wa 'yan kasuwa cewa waƙa tsakanin saurayi da budurwa ita ke sayar da kaset. Daga nan aro ya fito sarari: a ɗauko fim ɗin Indiya sukutum, a sauya sunaye da gari, a sa waƙoƙin fiyano, kamar yadda Khusufi ya fito daga Taal. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin irin waɗannan da dama.

Siyasa ta tarar da masana'antar tana tsakiyar wannan. A Gusau ne Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Oktoban 1999, Kano ta bi a 2000, ta dakatar da shirya fim, sannan ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. Rawa da waƙa tsakanin mace da namiji, wato abin da aka fi arowa, shi ya fi shan suka.

A nan ya kamata mu leƙa Filifin mu ga yadda ita ta yi nata aron. A 1978 tashar GMA ta fara nuna wani katun ɗin Japan na 1977 mai suna Voltes V, labarin matasa biyar da ke haɗa jiragensu su zama ƙaton mutum-mutumin yaƙi. A 1979 gwamnatin Ferdinand Marcos ta hana nuna shi saura 'yan kashi kaɗan ya ƙare, wai tashin hankali ya yi yawa a ciki. Yaran lokacin kuwa suka girma da yaƙinin cewa tawayen bayi a kan azzalumin sarki da ke cikin labarin ne ya tsorata ta. Bayan shekara 44, GMA, da izinin kamfanin Toei mai labarin, ta fitar da Voltes V: Legacy da mutane na gaske, Mark Reyes ya ba da umarni, aka nuna kashi 90 daga Mayu zuwa Satumban 2023. A 2024 aka kai shi sinimomin Japan. Mu ma yaranmu sun kalli Voltron a NTA, sai dai bai taɓa shiga jikinmu kamar yadda Indiya ta shiga ba.

Aron da muka yi bai zama abin kunya a wurina ba. Abubakar Imam ma ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya ya gina Magana Jari Ce. Illar namu ita ce an yi shi ba izini, ba jari, sau da yawa ba a tsaya an narkar da labarin ba. Shi ya sa da masu fassara irin su Algaita da takwarorinta suka fara sa wa jaruman Indiya Hausa a baki, kwaikwayon ya rasa kasuwa: wa zai sayi kwafi ga na asali yana magana da harshensa? Dole masu shirya fim suka waiwayi gida, aka samu Daɗin Kowa da Kwana Casa'in a Arewa24 da Labarina na Aminu Saira.

Tun Janairun 2024 Ali Nuhu, wanda ya san wannan tarihi ciki da waje, ke shugabantar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Ya kamata hukumarsa ta zauna da kamfanonin Indiya a samar da hanyar sayen izini da haɗin gwiwa, yadda mai shirya fim a Kano ko Gusau zai ɗauko labari da rana tsaka, ya kuma iya nuna wa masu shi abin da ya yi da shi.