Daga Dandalin Samariya Zuwa Harabar Jami'ar Maraɗi

Tun daga 2010 da Maraɗi ta samu jami'arta, wadda yau ke ɗauke da sunan Dan Dikko Dankulodo, saurayin Jiratawa ko na Tibiri da ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare ba dole ne ya ɗauki jaka ya nufi Yamai ba. Hanya ta gajarta, amma baƙunta tana nan. Yaron da ya tashi cikin garaken zogale na bakin Gulbin Maraɗi yakan tsinci kansa a aji cike maƙil, karatu da Faransanci zalla, ba wanda ya san ɗan wane ne, ba kuma mai cigiyarsa ran da bai zo ba. Ƙasar nan ta daɗe da sanin wannan ciwo, ta kuma taɓa yi masa magani. Tarihin maganin ya nuna cewa saurayi yakan zama ɗan gida ne a inda aka ɗora masa nauyi, har ake lura in babu shi.

Maraɗi kanta garin baƙi ce. Katsinawan da jihadi ya kora ne suka kafa mulki a nan ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajen 1819, Gobirawa kuma suka zauna a Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Jama'ar da ta haɗu daga wurare dabam-dabam tana bukatar abin da zai ɗaure ƙuruciyarta wuri guda, samariya kuwa ta yi wannan aiki. Kowane gari da sarkin samarinsa, da muƙarrabai masu sarautu nasu. Idan aka kira gayya, samari su jeru a gonar dattijo ko ta surukin ɗayansu da hauya a hannu, makaɗi na biye yana kirarin wanda ya fara fitar da kunya, ƴan mata su iso da ƙoren fura da rana ta take. Wanda ya noƙe ba dalili, a ci shi tara, ko a sa shi a waƙar dandali, wadda ta fi tarar zafi. Su ne masu yasar rijiya da yaɓen masallaci, su ne kuma masu kokowa in kaka ta yi. Ɗan talaka da ba shi da ko akuya yana iya riƙe sarautar da ɗan attajiri zai rusuna mata.

Siyasa ta hango ƙarfin nan tun zamanin gwagwarmayar jam'iyyun RDA da Sawaba, amma Seyni Kunce ne ya rungume shi gaba ɗaya. Bayan juyin mulkin da ya yi ran 15 ga Afrilu 1974 ya soke jam'iyyu, ya farfaɗo da samariya daga unguwa har matakin ƙasa. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, bikin matasa na ƙasa ya biyo baya, samari suka buga tubalin azuzuwa, suka dasa itatuwa. Masu suka na cewa samariyar lokacin kunnen gwamnati ce, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Sai dai wannan zargi yana ƙarfafa batun da muke yi ne. Da umurni ya koma saukowa daga sama, gayya ta fara kama da aikin tilas na zamanin Nasara, wanda aka soke tun 1946. Shi ya sa bayan an narkar da samariya cikin jam'iyyar MNSD a 1989, babban taron ƙasa na 1991 ya zo ya same ta ba mai kare ta, domin samarin sun riga sun daina ganin tasu ce.

Gurbin bai daɗe a buɗe ba. A shekarun 1990, lokacin bashin albashi da karyar darajar sefa ta Janairun 1994, masu takardar shaida ba aiki suka kafa fada a bakin titi: benci, buta kan gawayi, suna rubuce a bango, shugaba da ma'aji da kuɗin karo-karo. Manya na kiran abin zaman kashe wando, amma Adeline Masquelier, a littafinta na 2019 kan fadojin Nijar, ta nuna yadda suke ba saurayi matsayi da mutunci. Ƴan fada ne ke gadin unguwa da dare, su ne ke tsayawa a bikin ɗan uwansu. Raunin fada shi ne kowa cikinta tsara ne, babu na gaba da zai ja hannun na baya.

A Amurka ma ɗalibai ƴan asalin Latin Amurka sun fuskanci irin baƙuntar da ɗalibin Maraɗi ke ciki, suka matsa wa jami'o'i lamba har aka ba su gidajen al'adu, kamar La Casa Cultural Latina da aka buɗe a Jami'ar Ilinoi a 1974. Can ma an ce irin wannan gida raba kan ɗalibai yake yi, kuma za a faɗi haka a Maraɗi in jami'a ta ware wa ɗalibai irinsa: mun zo karatu ne, me ya kawo ƴan-garanci? Tsoron yana da tushe, amma ɗalibin da ba shi da kowa ba ya shiga cikin kowa, ɗaki yake komawa, daga nan sai tasha. Wanda ya samu yayan da zai nuna masa yadda ake bin takardun tallafin karatu, shi ne ke da ƙarfin zuciyar zama da Bazabarme da Buzu a ƙungiyar ɗalibai ta USN. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na mata, domin fada ta maza ce kusan zalla, kuma duk wurin da jami'a za ta ware dole ya buɗe wa ɗalibai mata ƙofa da shugabanci. Aikin da za a ɗora musu ma ba nisa: jami'ar tana da tsangayar aikin gona, filayen noman rani na Jiratawa kuma suna kudu da gari kaɗan, da magudanan ruwa masu bukatar yasa da manoma masu tambaya kan tsutsa da taki.