Washi Ya Girmi Ƙira

Mai karatu, duk wanda ya ga mahauci yana goga wuƙa a dutse zai zaci washi bayan ƙira ya zo. Ni kuwa ina ganin ya girme ta nesa ba kusa ba. Duwatsun nan masu sulɓi da manoma kan tono a gona, waɗanda muke kira gatarin aradu, ba daga sama suka faɗo ba. Mutanen da ne suka yi ta goga su a kan fa da ruwa har suka yi kaifi. Ke nan lokacin da ake narka tama a Taruga, wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, hannu ya riga ya san aikin.

Da ƙarfe ya samu, sai kowace ƙasa ta nemi dutsenta. Wanzaman Turai sun yi alfahari da wani rawayan dutse na Beljiyam, Amurkawa na da na Arkansas wanda ake zuba wa mai, mutanen Japan kuwa na haƙo nasu kusa da Kyoto suna wasa takubba da ruwa. Wanzaminmu ma ba a raba zabirarsa da dutse da 'yar fata.

A 1891 ne wani Ba'amurke, Edward Acheson, ya gasa yumɓu da gawayin kwal da wutar lantarki, ya sami wani abu mai ɗan karen tauri da ya kira Carborundum. Daga nan masana'antu suka shiga yin dutse, har ya zo kasuwanninmu da araha, fuska ɗaya mai kaushi, ɗaya mai laushi.

To amma araha ba ta sauƙaƙa koyo ba. A irin wannan dutse na koya, wurin wani dattijon mahauci a unguwarmu. Bai taɓa ambaton digiri 15 ko 20 da littattafai ke faɗa ba. Abin da yake cewa shi ne, "Yaro, ɗaga bayanta kaɗan, kada hannunka ya yi rawa." Sai a yi ta goga gefe ɗaya har bakin ya ɗan lanƙwaso ta ɗaya gefen, lanƙwasar da ido ba ya gani sai yatsa. In ba a ji ta ba, washi bai kai ba, ko da an wuni. Sannan a juya, a koma fuska mai laushi, a ƙarasa a fata. Wannan ji da yatsa shi ne ya ɗauke ni makonni.

Yau injin washi kan gama cikin minti ɗaya, sai dai yana cin ƙarfe, zafinsa kuma na iya kashe taurin bakin. Wanzamai da yawa sun koma reza don gudun cututtukan da jini ke yaɗawa, kuma sun yi daidai. Illa dai yaran da ke koyon wanzanci a hannunsu ba su da askar da za su wasa.