Jiragen Ƙarƙashin Teku Marasa Matuƙi da Aikin Binciken Ƙasan Teku

Jirgin ƙarƙashin teku maras matuƙi na'ura ce, galibi mai siffar dogon kifi, wadda ake saki cikin ruwa ta yi tafiyarta ba mutum a ciki, ba kuma igiyar da ta haɗa ta da jirgin ruwan da ya kawo ta. Wanda Jami'ar Washington ta Amurka ta ƙera a 1957, mai suna SPURV, shi ake ɗauka na farko.

Abin da ya fi wahalar da masu ƙera su shi ne ruwan gishiri ba ya barin saƙon rediyo ya ratsa shi. Da zarar na'urar ta nutse, ta rabu ke nan da tauraron ɗan Adam da zai shaida mata inda take. Dole a tsara mata hanya a kwamfutarta tun tana sama, sa'annan ta riƙa lissafin gudunta da alƙiblarta da kanta. Idonta kuwa sauti ne: tana aika ƙara zuwa ƙasa, ta auna amsa-kuwwar da ta dawo, da haka take zana taswirar duwatsu da ramuka a cikin duhu. Ga kuma nauyin ruwa, wanda a zurfin mita 6,000 ya ninka matsin iskar doron ƙasa kusan sau 600.

Amfaninsu ya fito fili bayan faɗuwar jirgin saman Air France a tekun Atlantika a watan Yunin 2009, da mutum 228 a ciki. An yi kusan shekara biyu ana nema ba labari, sai a watan Afrilun 2011 na'urorin REMUS 6000 na cibiyar Woods Hole ta Amurka suka gano tarkacensa a zurfin kimanin mita 3,900. Daga nan ne aka ciro akwatunan naɗar bayanai, iyalan mamatan suka san abin da ya faru.

Akan yi asara kuma. Nereus, wanda ke aiki da igiya ko babu, ya isa wuri mafi zurfi a kwazazzabon Mariyana a 2009, amma a 2014 ya tarwatse a kwazazzabon Kermadec, kusa da ƙasar Niyuzilan.

Har yanzu abin da aka zana taswirarsa dalla-dalla bai kai sulusin ƙasan tekunan duniya ba. Shirin Seabed 2030 na neman kammala sauran nan da shekarar 2030.