Baba ta Karo, Tsohuwar da Hirarta ta Zama Littafi

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, na Ikara da Makarfi da Kudan da ƙauyukan da ke kewaye. Yau hirarmu a kan wata tsohuwa ce 'yar ƙasarmu, wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma maganarta ta zama littafin da ake karantawa a jami'o'in Ingila da Amurka. Sunanta Baba, mutuniyar Karo.

Karo ɗan ƙauye ne kusa da Zarewa, cikin ƙasar Kano. Zarewa kuwa yanzu tana Ƙaramar Hukumar Rogo, maƙwabtanmu ta arewa, kun ga ke nan ba baƙuwa ba ce. An haifi Baba wajen 1877, tun Turawa ba su zo ba. Asalin gidansu Barebari ne, manoma da malamai, masu rinjin bayi. Ta rasu a Giwa cikin 1951.

Saboda ita na yi tattaki zuwa Zariya a wani ƙarshen mako. Ran Asabar da sassafe na hau mota a Tashar Yari, na sauka Kwangila, na sake wata zuwa Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962. Wata 'yar ƙanwata da ke karatu a can ita ta raka ni Laburaren Kashim Ibrahim, muka zauna da littafin, tana karantawa muna juya shi da Hausa har la'asar. Abin dariya abin tausayi, wai maganar da tsohuwa ta yi da Hausa tsantsa, sai an yi mini tafinta kafin in ji daɗinta.

Ga yadda abin ya faru. A 1949 wani mai bincike ɗan ƙasar Jamaika, M. G. Smith, ya zo nazarin zaman jama'ar Zazzau. Shi ne daga baya, a 1960, ya fitar da littafi a kan tsarin sarautar Zazzau. To amma namiji ne, iyakarsa zaure. Duk abin da ke bayan shigifa, wato rabin rayuwar gari, a rufe yake gare shi. Sai matarsa Mary, wadda ta koyi Hausa, ta riƙa shiga cikin gida wurin mata. A Giwa ta haɗu da Baba, jininsu ya haɗu. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, wajen mako shida, Baba na ba da labari, Mary na rubutawa da Hausa. Aka fassara, littafin ya fito a London da Turanci a 1954, shekara uku bayan rasuwar Baba. Ba ta gan shi ba. Aka sake buga shi a Amurka a 1981.

A bangon littafin sunan Mary Smith ne a gurbin marubuciya. Ba na raina aikinta, don ba domin ita ba da labarin ya bi Baba kabari. Amma ni a ganina wadda ta daka ita ke da fura, ko da wata ce ta kai kasuwa. Baba ce ta zaɓi abin da za ta faɗa da yadda za ta jera shi.

Me ta faɗa? Abu na farko da ya tsaya mini a rai shi ne tsoro. Mu yanzu in an ce zamanin da, sai mu riƙa zaton zaman lafiya ne da arahar hatsi. Baba ta ba da labarin mahara da ke faɗa wa ƙauyuka da gonaki suna kwashe mata da yara, musamman mutanen Mai Sudan, wato Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora. In aka kama naka, sai dangi su tara wuri, kuɗin wancan zamani, su bi sawu su fanso shi, in an dace. Abin ya taɓa danginta ma. Duk wadda ta san halin da ƙasar Giwa da Birnin Gwari suka shiga a 'yan shekarun nan na satar mutane don kuɗin fansa, in ta ji wannan wuri sai jikinta ya yi sanyi. 'Yar ƙanwar tawa da ta kai nan sai da ta ajiye littafin ta yi shiru.

Sai zuwan Turawa, da suka shiga Zariya a 1902, suka ci Kano a 1903. Hari ya lafa, ciniki da bayi ya mutu, bayin rinji suka yi ta watsewa, gidaje irin nasu Baba suka rasa masu yi musu noma. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Shi Smith ya lura cewa a da bayi mata su ke noma da itace da ɗebo ruwa, 'ya'ya mata kuwa suna cikin gida. Da bauta ta ƙare, matan da suka sami 'yanci su ma suka janye daga gona, don a san su ba bayin kowa ba ne. A ganinsa wannan na cikin abin da ya yaɗa kulle a karkara, ban da koyarwar malamai. Kuna iya yarda, kuna iya musu, amma ku tambayi kakanninku ko iyayensu sun yi noma.

Sauran littafin kuwa namu ne na cikin gida: kamu da lalle da buɗar kai, kunyar ɗan fari, wankan jego, zaman kishiyoyi da rabon girki, ƙawance da ƙanwar rana, bori da 'yan bori. Baba ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta faɗi haka ba ɓoye-ɓoye, ta kuma faɗi yadda dangi suka ba ta 'ya'ya ta goya ta aurar, har ta tsufa ana kiranta uwa. 'Yar uwa, ke da ke zaune da wannan jarrabawa ana yi miki gori, wata ta riga ki, kuma da kanta a ɗage ta ba da labarin.

Ran Lahadi muka zarce Giwa, ba nisa daga Samaru, ka wuce Shika a hanyar Funtuwa. Muka sauka gidan wasu dangi, aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai wata gyatuma da ke ɓarar gyaɗa ta ce ita ma ai tana da nata. Ta fara da yadda aka kai ta ɗakin miji a kan doki, ta gangaro kan shekarar yunwa da aka ci ganye, ta zo kan kishiyarta da suka yi shekara talatin ba a ji kansu ba. Jikokinta na gefe, suka ce ba su taɓa jin ko ɗaya ba. Ɗaya daga cikinsu ta tashi ta ɗauko wayar salula ta kunna ɗaukar murya, tsohuwa ta ce a dakata tukuna ta gyara ɗaurin kallabinta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki bikin aure kamar yadda Baba ta bayyana shi, mu gwada da na yanzu.